Fanta da Haɗin Rasberi na Baba Chukwuma

Akwai wata mata a Fagge, sunanta Fanta, sana'arta yin kek da cincin a gida. Wata Alhamis tana tsaka da aikin biki, fulawa har gwiwar hannu, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama. Ta ce sunanta Monica, daga Sabon Gari take.

A hannunta akwai ledar wasu jajayen 'ya'yan itace masu ƙanƙara, wai rasberi, 'yarta Adaugo ce ta samo a babban kanti. Ta ce mijinta Chukwuma, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana kwance ya daina cin abinci. Abu ɗaya yake ambata: fai ɗin rasberi, wato gasasshen kwaɓin fulawa mai jan haɗi a ciki, wanda mahaifiyarsa take yi lokacin tana kuku a gidajen ma'aikatan reluwe.

"Hannuna rawa yake, 'yata," in ji ta. "Na je wuri biyu, sun ce aikin ya yi musu kaɗan."

Fanta ta dubi kek ɗin bikin da bai kammala ba, ta dubi tsohuwar. Sai ta jawo mata kujera ta ce, "Zauna, Mama. Ki faɗa, ni in yi."

Ta zuba rasberin a tukunya da sukari, ta matsa lemon tsami. Da ya fara tafasa, ta dama sitacin masara da ruwa kaɗan ta zuba, tana juyawa har ya yi kauri yana sheƙi. Haɗin bai ɗauki lokaci ba. Jiran ya huce da gashin ne suka cinye yammacin.

Kek ɗin biki ya makara. Uwar amarya ta wanke Fanta tas a waya, kuma ba ta sake kawo mata aiki ba.

Duk da haka, Fanta da kanta ta raka Mama Monica gida da fai ɗin. Baba Chukwuma ya gutsira, ya lumshe ido. Can sai ya fara ba su labarin Kano ta da: kukan jirgin Nguru idan ya doso tasha, da yadda mahaifiyarsa take ba shi cokalin juyi ya lashe a bayan kicin. Ya yi dariya, ya nemi ƙari. Bai yi wata guda ba ya rasu.

Shekara ta zagayo, Fanta ta haihu. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, danginta kuma suna Maiduguri. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, ta tarar da Mama Monica a ƙofar gida da jakar kayanta.

"Na zo zaman jego," in ji ta. "Wanka ba zan iya ba, amma goyo ban manta ba."

Ba ta koma Sabon Gari ba sai da aka yi arba'in. Yarinyar, Raudha, ta tashi tana kiranta Kaka.

Darasi: Kada ka raina buƙatar mutum don ta yi ƙanƙanta a idonka, wataƙila ita ce ta ƙarshe da zai roƙa a duniya. Alheri yakan jawo asara yau, amma ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsofaffi a gida.