Igiyar da Dela Ta Warware

Dalilin da ya sa in kun yanke fata take dawowa fata, ba ƙashi ko gashi ba, ku matso ku ji. Kai Tanko, bar ɓamɓarar ciwon nan, ba ka san wahalar da aka sha a kansa ba!

Jikin mutum ƙananan gidaje ne birjik, ido ba ya ganinsu, 'yan boko na ce musu ƙwayoyin halitta. Kowane gida yana da igiya ɗaya mai tufka biyu, a jikinta aka ƙulla duk aikin gidan. A da can, in gida ya cika za a raba tsakanin ya da ƙanwa, babba ce ke ɗauke igiyar, ƙarama ta fita hannu rabbana. Ba ta san ko ita fata ce ko jini ba, sai ta yi ta gararamba har ta mutu. Saboda haka ciwo ba ya rufewa a zamanin.

Rannan wata mata, Tasalla, tana yankan shinkafa lauje ya sare ta a tafin hannu. Kwana bakwai ciwon yana buɗe. Wanzami ya duba ya ce in ya kai jibi a haka, sai dai a cire hannun. Ga ta da goyo, baiwar Allah.

A bakin ciwon nan, cikin ƙananan gidajen jikin Tasalla, akwai gidan Dela da ƙanwarta Yalwa, lokacin rabuwarsu kuma ya yi.

Yalwa ta ce, "Yaya, don Allah a datsa igiyar, ki ba ni rabi."

Dela ta ce, "Ke, rabin me? Ki san rabin aiki, in san rabi? Ai duk mun tashi a tutar babu."

"To haka zan fita, Yaya?" Sai kuka.

Igiyar ta Dela ce, ba mai ƙwace mata. Amma ta zauna, ta kama bakin igiyar, ta warware abin da kakanninsu ba su taɓa warwarewa ba. Ta miƙa wa Yalwa sili ɗaya. Ashe kowane ƙulli a jikin tsohon silin ba ya karɓar zare sai abokin zamansa! Kowacce ta bi nata tana tufka masa sabo, Dela na leƙowa: "Nan kin kuskure, kwance ki sake." Da suka gama, ga igiya biyu cif, ba ka bambanta su.

Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Biyu suka zama huɗu, huɗu takwas. Wanzami ya dawo da askarsa, ya juya hannun, ya sake juyawa, ya ga ciwo ya rufe, ya mayar da askar zabira.

Shi ya sa har yau ba gidan da ke rabuwa a jikinku sai an warware igiyar, kowa ya tafi da tsohon sili ɗaya da sabo ɗaya. Tasalla da hannun nan ta yi wa jikokinta tara wanka, ba ta taɓa jin sunan Dela ba. Ni da na ji, wallahi na gode wa Dela.