Ramukan Alhaji Makau

Wai gwamnati ta ba Alhaji Makau hanyar kasuwarmu, ya zuba kwalta da kuɗinsa, ya kafa shinge yana karɓar na wucewa, da sharaɗin duk abin da ya lalace a titinsa shi zai gyara. Damina biyu titin ya koma rami bayan rami. In an yi magana sai ya ce ramukan na ruwan sama ne, ba nasa ba.

Ran nan Jatau mai itace ya ƙi biya, yaran Alhaji suka ƙwace masa jaki. Aka je gaban hakimi.

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, zan sakar masa jakin in ya je kasuwa daga shingena bai taka titina ba, bai kuma ratse gefe ba."

Jatau ya naɗe wando, ya riƙa tsalle daga wannan rami zuwa wancan har bakin kasuwa. Ko haki bai yi ba, don ramukan maƙwabtan juna ne.

Alhaji ya ce, "Ai ramin ma a titina yake!"

Jatau ya ce, "To Alhaji, faɗa wa hakimi. In naka ne, cike abinka. In na ruwan sama ne, miƙo jakina."

Alhaji ya auna jaki da motar kwalta, ya ce, "Na ruwan sama ne."

Washegari duk garin suka naɗe wando, suka bi hanyar ruwan sama kyauta.