Kiyashi a Kwamfutar Malam Dawuda

Akwai wata mata a garin Zuru ana kiranta Gladys. Shekara goma sha tara tana aikin shara da goge-goge a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Mijinta kuwa, Malam Dawuda, tsohon malamin makaranta ne, irin mutanen nan da ko gishiri ka ce ya yi yawa a miya sai sun yi maka bayani da Turanci.

Tun da ya yi ritaya ya ɗauki wani aiki mai kyau. Yakan hau babur zuwa Dabai da ƙauyukan kewaye, yana naɗar muryoyin tsofaffi suna rera waƙoƙin C'lela, harshen mutanen yankin. Duk ya tara su a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, kuma babu kwafi a ko'ina. Sai dai Malam ba ya iya aiki sai da ƙuli-ƙuli mai sukari a hannu, garin yana zuba tsakanin madannai.

Wata Talata da safe aka aiko cewa Baba Mika na Dabai ya rasu. Shi ne tsohon da ya fi kowa sanin waƙoƙin nan. 'Ya'yansa suka roƙi Malam ya kawo muryar mahaifinsu a saurara ranar Asabar wurin jana'iza.

Malam ya buɗe kwamfuta, sai ga kiyashi suna fitowa ta kowace kafa, jajir! Madannai sun manne, na'ura tana huci. Nan take ya figi kwalbar fiya-fiya, maganin ƙwari, daga bayan ƙofa.

Gladys ta sha gabansa. "Baban Abel, don Allah ajiye wannan kwalba."

"Matsa mini, Maman Abel! Mi kika sani game da kwamfuta? Ke da tsintsiya ce aikinki?"

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa. Amma ba ta gusa ba.

"Ban san kunna ta ba, gaskiya ne. Amma injunan da nake gogewa sun fi wannan tsada, kuma ban taɓa kashe ko ɗaya ba. In ruwan nan ya shiga ciki, Baba Mika ya mutu sau biyu ke nan. Ba ni kwana uku."

 Jin haka Malam ya dangwarar da kwalbar ya fita yana guna-guni.

Gladys ta kashe kwamfutar, ta zare caja, ta cire batir. Ta kifa ta a kan farin zane tana bubbuga bayanta a hankali. Kai, abin da ya zubo! Garin ƙuli-ƙulin ya isa a yi yajin tsire. Ta wanke hannu, ta samo sabon burushin haƙori mai laushi, ta bi madannan nan ɗaya bayan ɗaya. Inda sukari ya daskare, sai ta ɗan jiƙa auduga da sifirit, ta matse sosai, sannan ta goge. Fuskar kwamfutar kuwa tsumma mai laushi kawai ta sa mata, busasshe.

Sauran kiyashin da suka maƙale a ciki fa? Ta ɗora kwamfutar a buɗe kan tebur a inuwa, ta zuba sukari a murfin kwalba can ƙasa. Suka riƙa fitowa a layi suna sauka. Da suka ƙare, ta sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye huɗu masu ruwa don kada su koma.

Ranar Laraba Malam ya ce a shanya ta a rana, ta ce a'a. Ranar Alhamis ya ce a kai ta wurin mai faci a hura mata iska, ta ce iskar za ta karya fankar ciki. Ya yi fushi har ya ƙi cin tuwo. Ta rufe masa tuwonsa, ta kulle ɗakin da kwamfutar take, ta ɗaure makullin a bakin zanenta ta tafi aiki.

Ranar Juma'a ta mayar da batir ta ce, "To, Baban Abel, kunna."

Ya danna. Fuska ta kawo haske, babu huci. Ya kasa ko ɗaga ido ya dube ta.

Ranar Asabar a Dabai, muryar Baba Mika ta tashi a lasifika, tas kamar yana zaune a cikinsu. Tsofaffi suka amsa waƙar, mata suna share hawaye. Babbar 'yar marigayin ta durƙusa gaban Malam tana godiya.

Malam ya girgiza kai, ya nuna Gladys. "Ba ni za ki gode wa ba. Da hannuna na so in halaka muryar nan, ita ta hana ni. Maman Abel, a gaban mutanen nan nake roƙonki, ki yafe mini."

 'Yar marigayin ta rungumi Gladys, suka fashe da kuka tare.

Darasi: Kada ka raina sanin mutum saboda ƙanƙantar aikinsa, kuma kada gaggawa ta sa ka lalata abin da ba ya da madadi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu cin abinci a kan kwamfuta.