Kurege da Motar Gidan Kura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo da gudu mu ji ta!

Aka sa tseren mota a dawa. Baban Kura attajiri ne, ya saya wa ɗansa mota sabuwa fil. Kurege kuwa gwanin tuƙi ne, amma motarsa akwala ce, da igiya yake ɗaure ƙofarta.

Ɗan Kura ya ce, "Kurege, wannan mota ce ko akurkin kaji?"

Kurege ya ce, "Mu haɗu a kwana."

Aka busa usur. Fuuu! Ɗan Kura ya wuce kowa. Ashe babansa ya riga ya sa ana gasa ragon murna a kwanar ƙarshe. Ƙamshi ya bugi hancin ɗan Kura, ya taka birki ƙiii, ya diro! Kurege ya sha kwana ya zo na ɗaya. Yana tsayawa, injinsa ya faɗo ƙasa tim!

Baban Kura ya ce, "Yaro, baɗi da wace mota za ka fito?"

Kurege ya dubi injinsa a ƙasa.

Baban Kura ya ce, "To, zo ka tuƙa tawa. Kai da sitiyari, ni da kofi."

Har yau Kurege ke cin tsere, amma kofi yana gidan Kura.

Ƙurunƙus kan ɓera, motata ta tsaya nan!