Ruwan Gishiri A Bokitin Fure

Akwai wani tela da ake wa laƙabi da Almakashi saboda kaifin bakinsa. A ƙofar shagonsa akwai wani ɗan itacen fure da bai wuce gwiwa ba, ganyensa masu sheƙi suna fitowa bibbiyu, furensa ja a dunƙule. Mahaifiyarsa ce ta dasa shi kafin ta rasu. Kullum sai ya ba shi ruwa kafin ya hau keken ɗinki.

Daura da shi akwai wani mai wanki da guga. Sun daɗe ba sa ga-maciji, tun ranar da Almakashi ya zarge shi da ƙona masa wani ɗinki da dutsen guga.

Wata rana tela ya yi tafiya. Da ya dawo sai ya tarar an haƙa lambatu ta gaban shagonsa, furen kuma ko sama ko ƙasa.

Yana ɗaga kai ya hango shi cikin wani tsohon bokiti a gefen shagon mai wanki. Ya matsa ya duba. Ga reshen nan da ya taɓa karyewa, wanda shi da kansa ya ɗaure da baƙin zare.

Matarsa ta ce ya je ya yi tambaya kawai.

"Ni in tambayi ɓarawo? Tunda ya raba ni da shi, wallahi shi ma ba zai ga furensa ba."

Daga ranar, duk lokacin da mai wanki ya fita kai kaya, sai Almakashi ya jiƙa gishiri a buta, ya tsallaka ya tuttula a bokitin. Ganye ya soma rawaya, ya bi ya kakkaɓe. Yana kallon mai wanki yana sake ƙasa, yana jan bokitin zuwa inuwa, shi kuwa yana taka keke yana murmushin mugunta.

Ran nan da hantsi sai ga mai wanki rungume da bokitin, ya yi sallama.

"Maƙwabci, ka yafe ni. Masu haƙa ne suka tuge shi suka watsar a bola, na tsince shi don na san na Inna ne. Na so ya kama tukuna, in kawo maka mu shirya. Na yi iya yina, ban san abin da ya kashe shi ba."

Almakashi ya karɓi bokitin. Ya kankare ɓawon reshen da farce ko zai ga ɗanye. Ya bushe ƙayau har gindi.

Mai wanki ya dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri. 

Darasi: Kafin ka rama, ka tambaya. Mai gaggawar ɗaukar fansa sau da yawa nasa yake ƙonawa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na riƙe da butarsa yanzu haka.