Ranar da Diep Ta Buɗe Tagogi

Akwai wata matar aure a birnin Hanoi mai suna Diep. Ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai idan ta ɗauka ta san abu, to ko wa ya zo da magana ɓata bakinsa kawai yake yi.

'Yar kudu ce. A Saigon aka haife ta, inda rana take fitowa kullum, wanki ya bushe tun kafin a gama shanya. Can ta auri Khoa, can suke zaune abinsu, har bara da mahaifinsa, Baba Luc, ya rasu. Khoa shi kaɗai ne ɗa namiji, don haka suka tattara kayansu suka dawo arewa wurin mahaifiyarsa, Inna Mui, a wani tsohon gidan bene.

Diep ta bar aikinta, ta bar ƙawayenta, ta bar duk abin da ta saba. Abin da ya rage mata na debe kewa shi ne ɗan oben ɗinta na gashi. Gaskiya kuma ta iya. Idan ta kunna shi, har maƙwabtan da ke hawa na ƙasa sai sun leƙo.

Bayan bikin sabuwar shekara sanyi ya janye, itatuwa suka fara toho, sai lokacin danshi ya shigo, wanda ake ce wa nom. Yayyafi ba ya ɗaukewa, bango yana gumi, tayil yana gumi, madubi ya dushe. Duk wanda ya tashi a Hanoi ya san ba a buɗe taga a irin wannan lokaci, domin iskar waje ce take shigo da ruwan. A garin su Diep kuwa, abu in ya jiƙe iska ake ba shi.

Inna Mui ta rufe kowace taga, ta shimfiɗa tsofaffin jaridu tun daga bakin ƙofa har kicin.

Diep ta ce, "Inna, gida ne wannan ko rumfar mai kifi? In baƙo ya shigo me zai ce?"

Tsohuwar ta ce, "In ɗan gari ne ba zai ce komai ba, 'yata. Gidansu ma haka yake."

Diep ta taɓe baki ta wuce ɗaki.

To, a ranar Asabar ta makon ne dangi za su tafi ƙauye gyaran kaburbura, kamar yadda ake yi kowace shekara idan ganye ya fara fitowa. Wannan ce tafiya ta farko tun da aka binne Baba Luc. Inna Mui ba ta da wata hira sai ita. Ta goge rigar da za ta sa, ta rataye, ta sake saukewa ta goge.

Duk tsawon aurensu, ita take yi wa mijinta wani biskit na riɗi da ganyen lemun tsami, siriri, mai ƙaras-ƙaras. Ta ɗaukar wa kanta alkawari ba za ta je kabarinsa hannu rabbana ba. Amma yanzu hannunta yana rawa, ba ta iya murza kwaɓin ya yi siriri.

Diep ta ce, "Ki bar mini, Inna. Wannan ai ba aiki ba ne."

Ranar Juma'a da safe Khoa ya tafi aiki. Inna Mui ta ɗauki kwandonta za ta kasuwa sayen furanni da turaren tsinke. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Komai zafin da kika ji, kada ki buɗe taga. Jaridun nan ma ki bar su inda suke."

"Na ji, Inna."

Ba ta ji ba.

Oben ya ɗau zafi, kicin ya zama kamar cikin tukunya. Ƙamshin riɗi ya haɗu da warin danshi da na tsohuwar takarda, har kan Diep ya fara sarawa. Ta fito da faranti na ƙarshe, ta jera biskit a kan tebur su huce. Sun yi kyau, babu ƙarya.

Sai ta dubi gidan ta ce a ranta, yau dai tsohuwar nan za ta ga yadda ake busar da ɗaki. Ta wangale tagogin falo, ta wangale na kicin, ta buɗe ƙofar baranda. Ta tattare jaridun ta dunƙule ta cusa a kwandon shara. Ta jiƙa tsumma ta goge tayil tas, ta kunna fanka.

Iska mai sanyi ta ratso. Diep ta zauna ta miƙe ƙafa tana jin daɗin kanta, har gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ta.

Da ta farka ta nufi tebur, ta ɗauki biskit ɗaya ta karya. Bai karye ba. Lanƙwashewa ya yi a hannunta kamar ɗanyen kwaɓi. Ta ɗauki na biyu, haka. Na uku ma haka.

Ta dubi ƙasa. Tayil ɗin yana ƙyalli daga bango zuwa bango, sai ka rantse bokiti aka juye. Ta ja busasshen tsumma ta goge wuri guda, kafin ta juya ya sake jiƙewa.

A daidai nan ta jiyo muryar Inna Mui a kan matakala, tana gaisawa da maƙwabciya.

Abu biyu ne a gabanta. Ko ta ruga bakin ƙofa ta ce, Inna tsaya, ƙasan da santsi. Ko ta ruga ta rufe tagogi kafin a gani. Abin takaici, tagogin ta nufa.

Tana kokawa da tagar kicin ta ji an turo ƙofa. Tsohuwar ta shigo rungume da furanni har haɓa, ba ta ganin ƙasa. Ta zare takalmi kamar kullum, ta taka inda ta san akwai jarida.

Ƙarar faɗuwar ba ta da ƙarfi. Abin da ya fi tsorata Diep shi ne shirun da ya biyo baya.

Ta same ta kwance a gefe guda, furanni sun watse a jiƙaƙƙen tayil, ƙafar dama ta lauye. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dubi tagogin da suke a buɗe, ta dubi inda jaridu suke a da, sannan ta dubi Diep. 

A asibitin unguwa likita ya ce ƙashi bai karye ba, amma targaɗen idon sawun mai tsanani ne. Ya naɗe ƙafar, ya ce kada ta kuskura ta taka.

Khoa ya iso a firgice. A hanyar dawowa ya ce, "Inna, tafiyar gobe kam sai dai ki haƙura. Mota ba ta wuce bakin titi. Daga nan sai siririyar hanyar cikin shinkafa, ga laka. Zan kai furannin a madadinki."

"Zan je," in ji ta.

"Da wace ƙafar?"



Ya juya wurin matarsa. "Wai garin yaya ma ta faɗi?"

 Kafin Diep ta buɗe baki tsohuwar ta ce, "Tsufa ne, me kake so ya zama? Ka dubi hanya."

Da yamma Inna Mui ta sa aka ajiye mata kujera a ƙofar kicin, aka ɗora ƙafar a kan matashi. Ta ce a kawo mata biskit ɗaya. Ta matsa shi da yatsa.

"Bai lalace ba. Mayar da su oben, wuta kaɗan-kaɗan. Da sun daina ƙona hannu ki zuba a gwangwani ki rufe, kada ki jira."

Diep ta yi yadda aka ce. Tana aikin tana jiran faɗa, ko gori, ko kalma ɗaya mai zafi da za ta ba ta damar kare kanta. Ba ta samu ba, kuma rashin faɗan ya fi faɗan ciwo.

Asabar da sassafe Khoa ya sauko da mahaifiyarsa a hannu, suka ɗauki hanyar ƙauye a motar haya. Dangi sun riga sun taru a bakin titi da fartanya da lauje, yara suna guje-guje, kowa ya sa rigar ruwa. A gaba kuwa ga Gwaggo Tham, ƙanwar marigayin, macen da bakinta ba ya hutu ko a gidan makoki.

Ta leƙa motar ta ga bandeji. "Yaya, me ya same ki haka?"

"Santsi ne. Taga na buɗe jiya, ɗakin ya jiƙe."

Gwaggo Tham ta riƙe haɓa. "Ke? Taga a tsakiyar nom? Ke da aka haifa a nan kika tsufa a nan?" Ta juya ga sauran matan ta rage murya, amma ba yadda ba za a ji ba. "Na faɗa muku tun da Yaya Luc ya rasu kanta ya fara taɓuwa. Yau taga, gobe wuta za ta bari a kunne."

Matan suka dubi juna da tausayi. Wata ta ce gara a bar ta a cikin mota, a sa yarinya ta zauna da ita. Wani dattijo ya ce haka ya fi, mai irin wannan lalura ba a kai shi ziyarar kabari, yana ƙara rikicewa.

Inna Mui ta sunkuyar da kai. Ta ƙanƙame gwangwanin biskit a cinyarta. Can nesa, tsakiyar koren shinkafa, ana hango kaburburan.

Diep ta buɗe ƙofa. Ta fito daga motar ta tsaya a gaban kowa.

"Gwaggo, kan Inna lafiyarsa lau. Ni na buɗe tagogin. Ta hana ni, na buɗe. Ni na kwashe jaridun da ta shimfiɗa. Na ji tahowarta kuma, maimakon in tsayar da ita sai na tafi rufe taga don kada ta gani."

 Khoa ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

Gwaggo Tham ta ce, "To madalla. Amaryar kudu ta zo ta koya mana zaman gida."

"Duk abin da kika ce na cancanta, Gwaggo. Amma Inna za ta je."

Khoa ya matso. "Bari ni in ɗauke ta."

Diep ta ce, "A'a, maigida. Ni na kayar da ita."

Ta juya baya ta durƙusa a bakin motar. Tsohuwar ta miƙa wa ɗanta gwangwanin, ta zagaya hannuwanta a wuyan surukarta.

Hanyar ba ta fi faɗin tabarmar yaro ba, ruwa hagu, ruwa dama. Diep ba ta taɓa taka irinta ba. Ba su yi nisa ba ƙafarta ta zame, gwiwarta ta nutse a laka, suka karkata gefe guda. Wata mata ta yi ƙara a baya. Khoa ya cafke kafaɗar mahaifiyarsa.

"Ki sauke ta kafin ki ƙarasa ta," in ji Gwaggo Tham.

Inna Mui ta sa baki a kunnen Diep. "Cire takalmin nan. Ki kafa yatsun ƙafarki cikin lakar, ki taka a gicciye. Kada ki dubi ruwa."

Diep ta zare takalman ta bar su a nan. Ta kafa yatsu, ta taka a gicciye. Bayanta yana ciwo, numfashinta yana sama-sama, yayyafi yana shiga mata ido ba hannun sharewa. Dangi suka biyo su a jere, babu mai magana, har Gwaggo Tham.

Da suka isa, ta sauke ta a hankali a kan dakalin kabarin. Laka ta ɓata Diep har cinya.

Inna Mui ta cire 'yan ciyayin da hannunta ya kai. Ta jera furanni, ta kunna turare, ta buɗe gwangwani ta zuba biskit a faranti. Sannan ta dafa dutsen kamar yadda ake dafa kafaɗar mutum.

"Tsoho, ga ni na zo. Ƙafata ta ƙi, amma 'yarka ta kawo ni a bayanta. Ita ce kuma ta gasa maka wannan. Tana da taurin kai irin naka, za ku shirya."

Nan kukan da Diep take riƙewa tun jiya ya ƙwace mata. Ta durƙusa a lakar ta kifa kai a cinyar tsohuwar, ita kuwa tana shafa mata gashi.

Darasi: Abin da ka iya a garinku ba lallai ya yi aiki a garin wasu ba, don haka idan wanda ya riga ka zama a wuri ya ce kada ka yi, ka saurara ko da ba ka gane dalili ba. Idan kuma ka yi kuskure, ka fara ceton wanda zai cutu kafin ka fara ceton fuskarka, kuma kada ka bar mai rufa maka asiri ya ɗauki kunyar da take taka ce. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda hannunsa yake kan taga a yanzu.