Jinin da Sallau Ya Ajiye wa Kansa

Sallau ba ya nan. Wata biyu ke nan da na fita takaba, shagonsa na gyaran rediyo har yau a rufe yake. Shekara goma sha tara muna tare. Ku saurara ku ji yadda aka yi, don ni na kasa yanke hukunci.

Ƙari aka gano a cikinsa, aka ce sai an yi masa aiki. Irin jininsa yana da wuyar samu, shi ya sa likita ya ce ya ba da leda biyu tun da wuri a ajiye, ranar aiki a mayar masa da abinsa. Sallau ya ce, "Likita, na yarda, amma kada a gwada. Jinina ne, jikina zai koma. Abin da Allah ya rufa min, ban ce a buɗe ba."

Mutum uku ne suka sa hannu a maganar.

Dakta Garzali ya ga in bai amsa ba, Sallau zai sa takalminsa ya koma gida da ciwon. Sai ya yi masa alkawari, alhali ya san abin ba a hannunsa kaɗai yake ba. Ba don shi ba, da Sallau bai miƙa hannu an ɗebi jinin ba.

Habila, mai ɗakin gwajin jini, ya ga takardar da ta ce kada a gwada. Ya ce firij ɗaya gare su, a ciki ake ajiye jinin masu haihuwa, kuma leda tana iya rikicewa da leda. Ya gwada, ya tarar da ƙwayar ciwon hanta, ya ware ledojin gefe. Ba don shi ba, da wata baiwar Allah tana iya kwasar cutar ba ta sani ba.

Nas Kuluwa ta ga sakamakon, kuma ƙa'idar aikinta ta hana ta faɗa. Ta tare ni a bakin famfon asibiti ta ce, "Maman Nafi'u, kwashi yaranki ku je gwaji. Kada ki tambaye ni dalili." Muka je. Ni da autarmu Zuwaira muna ɗauke da cutar, yanzu ana duba mu. Sauran yarana biyu aka yi musu rigakafi. Ba don ita ba, da ban sani ba sai cikin Zuwaira ya kumbura.

Na kasa ɓoye wa Sallau. Ya ce, "Ashe haka aka yi da ni? Waɗanda suka yi min ƙarya idona biyu, su zan kwanta wa su yanka ni ina barci?" Bai ƙara taka asibitin ba. Likita ya zo gida sau biyu, Sallau ya ƙi fitowa. Bayan wata biyar ya rasu.

Ku taya ni roƙon Allah ya jiƙansa, ya ba Zuwaira lafiya. Sannan ku faɗa min: cikin ukun nan, wa zan yi wa godiya, wa zan riƙe a zuciyata?